Suyuɗi, mai rabin Jalalaini

In watan azumi ya kama, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, mutane sukan taru a masallaci ko ƙofar fada don sauraren tafsiri. Mutum biyu ke zama gaban jama'a. Ɗaya yana jan baƙi, watau yana karanta aya da murya mai daɗi. Ɗayan kuwa, shi ne malamin, yana fassara ta da Hausa. Littafin da ke buɗe gaban malamin nan, sau da yawa Jalalaini ne. Ma'anar sunan, Jalalu biyu, gama mutum biyu suka rubuta shi, kowanensu kuwa laƙabinsa Jalaluddini. Babban shi ne Mahalli. Ƙaramin shi ne Suyuɗi.

Sunansa na yanka Abdurrahmani, sunan ubansa Abubakar. An haife shi a Alƙahira, babban birnin Masar, cikin watan Rajab na shekara ta 849 ta Hijira, watau Oktoba 1445. Asalin gidansu daga Asyuɗ ne, wani gari da ke bakin kogin Nilu can kudu. Shi ya sa ake ce masa Suyuɗi, kamar yadda ake ce wa mutumin Katsina Bakatsine. An ce ranar da za a haife shi, uban ya aiki uwar ta ɗauko masa wani littafi, sai naƙuda ta kama ta can, ta haihu tsakanin littattafai. Daga nan aka yi wa yaron laƙabi da ɗan littattafai, laƙabin kuwa ya bi shi har tsufa.

Zamanin nan Mamaluka ke mulkin Masar. Su bayi ne da ake sayowa daga ƙasashe masu nisa, a koya musu yaƙi, har suka zama su ne sarakuna. Sun gina masallatai da makarantu da yawa, suka ajiye musu wakafi, watau gonaki da shaguna waɗanda kuɗinsu ke ciyar da malamai da almajirai. Tun da Mongol suka rushe Bagadaza a 1258, babu birnin da ya kai Alƙahira yawan malamai.

Uban Abdurrahmani malamin fiƙihu ne. Ya rasu a 1451, yaron bai cika shekara shida ba. Abokan uban suka riƙe marayan, suka tsaya ga karatunsa. Kafin ya cika shekara takwas ya haddace Alƙur'ani. Sa'an nan ya shiga zagayen malamai: fiƙihu wurin Bulƙini da Munawi, nahawu wurin Shumunni, ya kuma shekara 14 yana bin wani malami mai suna Kafiyaji. Cikin waɗanda ya ɗauki hadisi gare su akwai mata da dama. Abu guda ne ya gagare shi, shi ne lissafi. Shi da kansa ya faɗa cewa in aka ba shi matsalar lissafi, ji yake kamar an aza masa dutse a ka. Yana da shekara 17 aka ba shi izinin koyar da Larabci, ya kuma rubuta littafinsa na farko, a kan ma'anar a'uzu da bisimilla. Bayan shekara guda ya zauna kujerar ubansa a masallacin Shaihu.

Aikin da Mahalli ya bari

Jalaluddini Mahalli dattijo ne mai kaifin hankali, mai sayar da tufafi. An yi masa tayin zama babban alƙali, ya ƙi. Ya fara wani tafsiri gajere. Bai fara daga farko ba. Ya kama daga Suratul Kahfi, ya bi har Nasi, sa'an nan ya komo ya yi Fatiha. Yana shirin shiga Baƙara sai ajali ya zo masa a 1459. Littafi ya zauna da rabi shekara bakwai.

Ran ɗaya ga watan azumi na shekara ta 870, watau 1466, Suyuɗi ya ɗauki alƙalami. Ran goma ga watan ƙaramar salla ya ajiye. Kwana 40 ke nan, ya gama daga Baƙara har ƙarshen Isra'i. Shekarunsa 21 a lokacin.

Saurin abin mamaki ne, amma ba shi ne wuyar aikin ba. Wuyar tana ga irin hanyar da Mahalli ya shata. Ba ya kawo dogon bayani. Yakan rubuta kalmomin aya, ya saka kalma ɗaya ko biyu tsakaninsu, yadda mai karatu zai bi aya da bayaninta tamkar jimla guda. In kalma mai wuya ce, ya kawo mai sauƙi kusa da ita. In aya ta ce shi, ko su, ya faɗi wanda ake nufi. In akwai kalmar da Larabawa suka saba tsallakewa don sun san ta, ya maido ta. In ana karanta kalma ta hanya biyu, ya nuna. Masu kwafe littafin da hannu sukan rubuta Alƙur'ani da jan tawada, bayanin kuma da baƙa, don kada a gama maganar Allah da ta mutum.

Wanda ke da fili yana iya jera ra'ayi biyar ya bar mai karatu ya zaɓa. Wanda ke da gurbin kalma biyu kawai, dole shi ya zaɓa, nauyin zaɓin kuma yana wuyansa. Sai ya san dukan ra'ayoyin, ya auna su, ya ɗauki wanda ya fi ƙarfi, ya yi shiru da sauran. Saurayin nan ya yi haka cikin sura 16, waɗanda suka haɗa da mafi tsawo cikin Alƙur'ani. Ya kuma bi sawun dattijon sosai, har mai karatu ba ya gane inda hannu ya sake. Gajartar littafin ta kai inda wani malamin Yaman ya zauna ya ƙidaya baƙaƙen ayoyi da na bayanin. Ya tarar sun zo daidai har Suratul Muzzammil, daga nan ne bayanin ya ɗan rinjaya. Dalilin ƙidayar, yana son ya san ko ya halatta a taɓa littafin ba da alwala ba.

Duk da haka akwai inda Suyuɗi ya rabu da Mahalli. Cikin Suratu Sad, Mahalli ya faɗi abin da ruhi yake, ya siffanta shi. Da Suyuɗi ya zo kan kalmar cikin nasa rabin, da farko ya kwafi wannan bayani. Daga baya ya soke shi. Dalilinsa, cikin Suratul Isra'i an tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, a kan ruhi, amsar da ta sauka kuwa ta mai da sanin ruhi ga Allah. Sai ya ga bai kamata mai tafsiri ya cika gurbin da Littafin da kansa ya bari ba. Sokewar nan ta layi guda ta fi shafi goma nuna irin malamin da zai zama.

Kayan aikin mai fassara

Da ya gama wannan, sai tambaya ta tsaya masa: me mutum zai sani kafin ya buɗe baki ya ce ga abin da aya take nufi? Amsar ita ce littafin da ake kira Itƙan, wanda ya gama wajen 1474. Babi 80 ne. Ya ɗebi abu da yawa daga littafin wani malami da ya riga shi, Zarkashi, ya sake jera shi, ya ƙara nasa.

Abu na farko, a san kalma. Kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana da yawa, wurin da ta zauna shi ke nuna wadda ake nufi. Hausa ma haka take. Bakin mutum daban, bakin rijiya daban, bakin wuƙa daban, wanda aka ce ya sa baki cikin magana kuma ba leɓensa ya tsoma ba. Baƙon da ya koyi ma'ana ɗaya tak, ya riƙe ta ko'ina, zai sha kunya a kasuwa. To, haka kalmar umma take cikin Alƙur'ani. Galibi jama'a take nufi, ita ce al'umma da Hausa ta ara. Amma cikin Suratu Yusufu tana nufin wani tsawon lokaci, cikin Suratun Nahli kuwa an kira Annabi Ibrahim da ita shi kaɗai, ana nufin shugaba abin koyi. Kalmar huda, wadda aka saba fassarawa da shiriya, Suyuɗi ya jera mata fuska goma sha.

Abu na biyu, a san dalilin saukar aya: wa ya yi tambaya, me ya faru, a Makka ne ko a Madina. Maganar da aka ji rabinta daga bayan danga, ba a yanke hukunci da ita. Ya ba wannan fanni littafi nasa na dabam. Sai kuma a san ayar da hukuncinta ya sauya da zuwan wata. Malaman da suka riga shi sun yawaita irin waɗannan ayoyi, wasu sun kai su ɗari biyu da wani abu. Suyuɗi ya bi su ɗaya ɗaya, ya ga yawancinsu ba sa karo da juna, ya rage su zuwa wajen 20.

Akwai wani babi da ya ta da gardama tun kafin zamaninsa. Shin akwai kalmomin da ba na Larabci ba cikin Alƙur'ani? Manyan malamai, har da Imamu Shafi'i wanda Suyuɗi ke bin mazhabarsa, sun ce babu. Shi kuwa ya ce akwai, ya tattara fiye da ɗari. Ya ce mishkat, watau alkukin da ake ajiye fitila, daga harshen Habasha take. Ƙisɗas, ma'auni, daga Rumawa. Sijjil daga Farisa. Bai ga wannan ya rage wa Littafin kome ba. A ganinsa, Littafin da aka aiko wa dukan mutane, ba abin mamaki ba ne a sami ɗanɗanon harsunansu cikinsa. Wanda ya san yadda Hausa ta karɓi alƙalami da littafi daga Larabci, ta karɓi mota da lakwal daga Turawa, ta mai da su nata, ba zai sha wuyar gane wannan magana ba.

A ƙarshe ya kawo fannoni 15 da ake bukata ga mai tafsiri, tun daga lugga da nahawu da sarfu har zuwa fiƙihu da hadisi. Ya kuma rubuta wani babban tafsiri, Durrul Mansur. Wannan kishiyar Jalalaini ne. Cikinsa ya jera abin da aka ruwaito daga Annabi da sahabbai da mabiyansu a kan kowace aya, bai sa nasa ra'ayi ba. A kan harshen Larabci kansa ya yi Muzhir, mai babi 50. Littattafansa duka sun haura 500. Wasu mujalladai ne masu kauri, wasu kuwa ƴan warƙoƙi ne. Ya yi rubutu har a kan girgizar ƙasa da darajar mutanen Habasha.

Abokan gaba

Suyuɗi ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Ya san yana da ilimi, ba ya kuma ɓoyewa. Ya ce ya kai matsayin ijtihadi, watau yana iya ciro hukunci daga tushe da kansa. Da ƙarni na tara na Hijira ya zo ƙarewa, ya nuna yana fatan shi ne mujaddadin ƙarnin. Hausawa sun ce yabon kai jahilci. Amma wannan mai yabon kai ba jahili ba ne, abin da ya ƙara ba malaman Alƙahira haushi ke nan.

Wanda ya fi tsananta masa shi ne Sahawi, babban malamin hadisi. Ya zarge shi da ɗaukar tsofaffin littattafai daga ɗakin karatu na Mahmudiyya, ya ɗan sauya su, ya sa sunansa. Ya kuma ce yawancin iliminsa daga takarda ya ɗauke shi, ba daga bakin malamai ba, don haka yana kuskuren karanta sunaye da kalmomi. Wannan zargi mai nauyi ne a wancan zamani. Rubutun hannu na Larabci sau da yawa ba shi da wasali, wani lokaci ko ɗigo babu, sai wanda ya ji daga bakin malami ke da tabbacin yadda ake faɗin kalma. Suyuɗi ya mai da martani da littafi mai zafi. Gaskiya ne ya kwafo da yawa daga na gabansa. Amma ya saba faɗin inda ya ɗebo, kuma littattafai da dama da suka ɓace, ba a san abin da ke cikinsu ba sai ta wurin abin da ya kwafo.

An kuma yi rigima a kan waƙoƙin wani sufi, Ibnul Farid, da littattafan Ibnu Arabi. Wasu malamai suka karanta kalmominsu a zahiri, suka ce kafirci ne. Suyuɗi ya ce sufaye suna da nasu ma'anoni da suka sa wa kalmomi, kamar yadda kowace sana'a take da nata harshe. Hukuncinsa a kan Ibnu Arabi mai baki biyu ne: a ɗauke shi waliyyi, amma wanda bai san harshen sufaye ba kada ya karanta littattafansa.

Wasiƙu zuwa Abzin da Katsina

Tun yana da rai littattafansa suka ƙetare hamada. Alhazan ƙasashen baƙar fata, waɗanda mutanen Masar ke kira Takrur, ta Alƙahira suke bi zuwa Makka. Sukan tsaya wurinsa, su yi karatu, su kwafi littattafai su komo da su. A 1493 wasiƙa ta zo masa daga wani malami, Muhammadu Lamtuni, wanda wasu masana ke ganin daga wajajen Abzin ya rubuto. Tambayoyi ne masu yawa a kan halin ƙasarsa: harajin da sarakuna ke karɓa, layu, makaɗa, da al'adun aure. Suyuɗi ya amsa su a gajarce. Ya kuma aika wa sarakunan Takrur wasiƙar nasiha, ya ambaci Sarkin Agadas Muhammadu ɗan Sattafan da Sarkin Katsina Ibrahim da sunansu, yana jan kunnensu su yi adalci, su tuna akwai Sarkin da ya fi su. Bayan shekara fiye da 300, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kwafi wasiƙar nan cikin wani littafinsa. Ƙanensa Abdullahi kuma ya mai da Itƙan waƙe don almajirai su haddace.

Askiya Muhammadu, sarkin Songai, ya gana da shi a Alƙahira cikin tafiyarsa ta hajji da ya fara a 1496. Shaihu Magili kuwa, wanda ya zauna Abzin da Kano da Katsina, sun yi musayar baitoci da shi a kan ilimin manɗiƙi. Magili yana ganin manɗiƙi ma'auni ne na tunani. Suyuɗi yana ganin kayan Yunanawa ne, bai halatta ba. Kowa ya tsaya kan bakansa, amma cikin ladabi suka rabu.

A wasu garuruwa ana ba da labari cewa Suyuɗi ya zo ƙasashen nan da ƙafarsa. Akwai wani layi cikin tarihin Masar da ya rubuta wanda ake kafa hujja da shi. Yana maganar yawan littattafansa, sai ya kawo wata kalma, ya bi ta da sunayen ƙasashe: Sham, Hijaz, Yaman, Indiya, Magrib da Takrur. Kalmar ba ta da wasali. In aka karanta ta safartu, ma'anarta shi ne ya yi tafiya. In aka karanta ta safarat, littattafan ne suka yi tafiya. Baƙaƙen duka ɗaya ne. Masu binciken da suka bi rayuwarsa shekara shekara sun ga tafiyarsa ba ta wuce Makka da garuruwan Masar ba, don haka suka zaɓi karatu na biyu. Ga mutumin da ya ƙare ransa yana gargaɗi a kan kalma mai fuska biyu, ga shi kalma mai fuska biyu ta kai shi ƙasar da bai taka ba.

Tsibirin Rauda

Wajen 1486, yana da shekara 40 da ƴan kai, ya janye daga koyarwa da ba da fatawa. A shekarar nan aka ba shi shugabancin Baibarsiyya, wani babban gidan sufaye mai wakafi. Nan ma karatu ya jawo masa wahala. Ya duba sharuɗɗan wakafin, ya ce kuɗin na sufaye ne, mutumin da ke da dukiya da bayi kuwa ba sufi ba ne, ko da ya sa rigar sufaye. Ya taɓa musu albashi. A 1498 mazauna gidan suka tasar masa, suka ɗauke shi da tufafinsa suka jefa cikin kwamin alwala. Da sarakuna ma bai shirya ba. Sarki Ƙaitbai ya so ya riƙa zuwa fada gaisuwa kamar sauran malamai, ya ƙi, ya kuma rubuta littafi a kan cewa bai kamata malami ya riƙa zarya ƙofar sarki ba. A 1501 Ɗumanbai ya hau gado, shi kuwa yana ƙinsa ƙwarai. Suyuɗi ya ɓuya har sarkin ya faɗi bayan wajen kwana ɗari. Shugabancin Baibarsiyya dai ya tafi.

Ya koma gidansa a Rauda, wani tsibiri da ke tsakiyar Nilu, ya rufe ƙofa, ya shiga gyaran littattafansa. Manyan gari sukan zo da kyauta, ya mayar. Sarki Gauri ya aiko masa da dinari 1000 da bawa guda. Ya mai da kuɗin, ya ƴanta bawan.

Cikin watan Jimada Lawwal na shekara ta 911 hannunsa na hagu ya kumbura. Ya yi jinyar kwana bakwai, ya rasu ran 18 ga Oktoba 1505, yana da shekara 60 ta lissafin rana. Aka rufe shi a Haushu Ƙausun, bayan ƙofar Ƙarafa, kudu da birnin Alƙahira.